Gilashin da Ba a Binne Ba

Ranar da aka raba kayan maigidana, Kumai, na yi ƙarya a gaban dangi.

Kwana tara ke nan da binne shi. A wurinmu, in namiji ya mutu, 'yan'uwansa sukan taru a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, a fito da duk abin da yake sawa a jikinsa, riga, hula, takalmi, agogo, a ba kowa nasa. Matar mamaci ba ta da magana a wannan zaman. Nata ta fito da kaya ta koma gefe. Na fito da komai, har tsohuwar kwat ɗinsa ta aikin reluwe. Abu ɗaya ne na riƙe.

Gershon, ƙanensa da ke bin sa, ya duba tabarmar, ya sake dubawa.

"Matarmu, ina gilashin Yaya?"

Na ce, "An binne shi da shi."

Ya dube ni, ya ci gaba da rabon kaya. A lokacin gilashin yana ɗakina, naɗe da ɗankwali, a cikin tukunyar acca. Ni ce na ɗaure wa gilashin hannunsa na hagu da baƙin zare ranar da ya karye. Ni ce nake goge shi da bakin zanena kowace safiya. Ban iya ganin sa a fuskar wani ba.

Kumai ya yi shekara shida yana fama da abin da likita ya kira hawan jinin ido. Shekara biyun ƙarshe bai ga komai ba. Ni nake riƙe hannunsa zuwa coci, zuwa bayan gida, zuwa gindin gwaba inda yake shan iska. Duk da haka bai daina sa gilashin ba. Yakan ce in babu shi fuskarsa tsirara take. Yanzu kabarinsa yana nan bayan gida, kusa da gwabar, yana fuskantar dutsen Kagoro. Kowace safiya nakan share wurin in gaya masa abin da ake ciki.

Bayan wata biyu da mutuwarsa nawa idon ya fara. Na kasa zura zare a allura. Tsakuwa ta fara wuce ni a cikin acca, har na kusa fasa haƙori. A sujada in na buɗe littafin waƙa, baƙaƙen sai su haɗu su zama kamar tururuwa. Matan zumunta na cocinmu suka ce kuka ne, in rage kuka. Ni kuwa na san yadda na Kumai ya fara, a hankali, ba zafi.

Sai na tuna da abin da ke cikin tukunya. Na rufe ƙofar gida saboda ƙaryar da na yi, na ciro gilashin na sa.

Abin ya ƙara lalacewa. Komai ya ƙanƙance ya yi nisa. Ƙasa ta karkace kamar gefen kunya. Kafin rana ta yi tsaka kaina ya riƙe. Amma na tuna ranar da aka fara ba Kumai gilashin, likita ya ce masa ya yi haƙuri sai ido ya saba. Na ce to, ni ma zan yi haƙuri. Kullum in na rufe ƙofa sai in sa. In na ji sallama in cire in cusa a zane. Wata huɗu ina haka.

Ga lissafin da na yi a raina. Gilashi maganin ido ne. Kumai da ciwonsa ya yi shekara huɗu yana karanta Littafi Mai Tsarki yana gane mutane daga nesa da wannan gilashin. Ni na sa, ban gani ba. Ashe nawa ciwon ya fi nasa nisa. Na ce wataƙila a wurin goge masa ido na ɗauka, ko a tawul. Ban gaya wa kowa ba.

Ran nan na fito daga kicin da tukunyar kunu, gilashin a fuskata. Na ga dakalin ƙofa a wani wuri, ashe yana wani wuri. Na faɗi, kunu ya ƙone ni a ƙafa. Milka, maƙwabciyata, wadda muke zumuntar mata tare shekara talatin, ta ji ihuna. Kafin ta tura ƙofa na riga na ɓoye gilashin. Ƙafata tana zafi, amma shi na fara tunawa.

"Lucia, dakalin da kike takawa tun kina amarya? Yau ya tashi ya canza wuri?"

Na ce, "Ba na gani sosai, Milka."

Da yamma 'yata Hefziba ta kira daga Kaduna, inda take koyarwa. Milka ta riga ta kai mata labari.

"Mama, ran Alhamis za ki je Kafanchan a duba idon nan. Maman Jason za ta raka ki." Haka take kiran Milka. "In sun ce irin na Baba ne, ranar Asabar zan zo da mota. Ba zan bar ki ke kaɗai da wuta da rijiya ba."

Na ce, "Babanki fa? Wa zai share masa wuri?"

"Mama, Baba ya huta. Ke ce kika ƙone."

Ban yi mata gardama ba, don gaskiya ta faɗa. Kumai ya samu mai riƙe masa hannu. Ni ba ni da kowa a gidan. In ido ya tafi, gida ya tafi, da gwaba, da kabari. Sai ɗaki a saman bene a Kaduna, inda ban san kowa ba. Ranar Laraba na ɗauko jaka na zuba zannuwana, na tura ta ƙarƙashin gado. Ban so Hefziba ta zo ta same ni ina kuka ina haɗa kaya.

Amma na yi wata dabara. Shekara shida ina raka Kumai asibitin nan. Akwai wani allo a bango, baƙaƙe manya a sama, suna ƙanƙancewa har ƙasa. Shi suke sa mutum ya karanta. Ina zaune a gefe ina kallon yadda Kumai yake rasa layi ɗaya bayan ɗaya, shekara bayan shekara, har ya rasa na saman. Makaranta aji uku na yi, sauran a ajin manya na coci na koya, amma wannan allon na haddace shi kamar Addu'ar Ubangiji. Na ce zan zuba musu shi daga sama har ƙasa, su sallame ni.

Ran Alhamis da sassafe muka shiga bas a Kagoro. Gilashin yana ƙulle a bakin zanena, ban san dalilin da ya sa na ɗauko shi ba. Ina ta maimaita layukan a hankali.

Milka ta ce, "Addu'a kike yi ko zagin direba?"

"Addu'a."

"To ki sa da ni. Wannan mutumin tuƙi yake kamar matarsa ta kore shi."

A Kafanchan muka sauka kusa da kasuwa, muka hau keke. Da muka tsallaka layin dogo na kawar da kai. Nan Kumai ya yi aiki shekara ashirin da takwas. Kullum in mun zo wucewa, ko bayan ya daina gani, yakan ji tayar keke ta buga ƙarfen ya ce, "Mun iso ofis."

Asibitin bai canza ba. Benci ɗaya, warin magani ɗaya. Mutane na zaune, wasu da auduga a ido, wasu da mai riƙe musu sanda. Sai nas Bridget ta fito da kati a hannu. Ita ce take karɓar mu tun farko.

"A'a, Mama! Kwana biyu. Ina Baba reluwe? Ya gudu daga wurinmu ne?"

Milka ce ta ce, "Ubangiji ya kira shi, wata shida ke nan."

Bridget ta ajiye katin ta riƙe hannuna biyu. Ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce, "Shi ne yake cewa in daina ɗiga masa barkono a ido." Muka yi dariya, ni da hawaye.

Ta kai ni ɗakin gwaji ta zaunar da ni a kujerar da Kumai yake zama. Ta rufe mini idon hagu da wani abu kamar cokali. Ta ce, "Mama, karanta mini abin da kike gani a bango."

Na sunkuyar da kai na fara zubawa. Layi na ɗaya, na biyu, na uku, ban tsaya shan iska ba. Ina cikin na shida Bridget ta fashe da dariya har ta dafa tebur.

"Mama! Wannan allon tun bara muka cire shi. Yana sito. Ɗaga kanki ki gani."

Milka daga bakin ƙofa ta ce, "Yesu! Satar amsa a asibiti? Ke, ma'ajiyar zumuntar mata?"

Kunya ta rufe ni. Na ɗaga kai. A bangon akwai wani abu kamar talabijin, fari tas, da baƙaƙen da ban taɓa gani a jere haka ba. Na ce yau asirina ya tonu.

"A hankali, Mama. Wanda kika gani kawai."

Na faɗi na sama. Ta danna wani abu a hannunta, wasu suka fito ƙanana. Na faɗa. Ta sake dannawa. Na faɗa. Ina jira in kai inda duhu zai tare ni kamar yadda ya tare Kumai, ban kai ba. Ta juya cokalin zuwa ɗaya idon, haka aka yi.

Bridget ta ce, "Kin karanta har layin da ni kaina sai na matse ido. Me ya kai ki sata?"

Ban yarda ba tukuna. Na san ba allo ne ke faɗin hawan jinin ido ba. Akwai injin da ake ɗora haɓa a kai. Shi ne yake faɗin lamba, kuma lambar Kumai kullum tana sama.

Likitar sabuwa ce, Dokta Doreen, ba ta fi Hefziba shekaru ba. Bridget ta riga ta ba ta labarin Kumai. Ta ɗiga mini magani, ta ce in ɗora haɓa. Wani shuɗin haske ya matso har ya kusa taɓa idona. Na riƙe gefen kujera na ce a raina, Ubangiji, in ka ga dama ka bar ni a gidana. Ta haska cikin idon da wata fitila, ta daɗe tana dubawa, dama da hagu. Sannan ta ja kujerarta baya.

"Mama, lambarki lafiya lau. Jijiyar idon ma lafiya. Ba ki da ciwon Baba."

Na ce, "Ki sake dubawa, 'yata. Ni nake goge masa ido. Tawul ɗinmu ɗaya."

"Ba a ɗaukar sa a tawul, Mama. Ko shekara ɗari kuka yi tare. Jini yake bi, ba aure ba."

Ta ba ni wata takarda mai ƙananan rubutu ta ce in riƙe kamar littafin waƙa. Tururuwa. Ta ɗora mini wani ƙarfe mai nauyi a hanci, ta zura ƙwayar gilashi a ciki, ta cire, ta zura wata. Sai tururuwan suka tsaya cak suka zama baƙaƙe. Har ɗigon da ke kansu na gani. Na ga zanen fatar yatsana, da dattin citta a ƙarƙashin farce.

Ta ce, "Shekaru ne kawai. Kowa in ya wuce arba'in na kusa yakan fara ba shi wahala. Gilashin karatu ya ishe ki. Amma abu ɗaya bai shiga kaina ba. An rubuta nan kina ciwon kai kullum, ƙasa tana karkacewa, har kin faɗi. Wannan idon ba zai yi haka ba. Kin taɓa sa gilashi?"

Milka ta amsa a madadina, "Ita? Ko na rana ba ta taɓa sawa ba."

Likita tana kallona. Na kwance bakin zanena na ajiye shi a kan tebur.

Milka ta matso ta duba baƙin zaren. Ta dafe ƙirji.

"Lucia. Ba wannan ne aka binne ba?"

"Shi ne."

"To ya tashi daga matattu ke nan. Haleluya."

Dokta Doreen ta danne dariya, ta ɗauki gilashin ta sa a wani inji ta leƙa. Ta girgiza kai.

"Tun yaushe kike sa wannan?"

"Wata huɗu. Ina jira ido ya saba."

"Mama, ko shekara huɗu ba zai saba ba. Baba nesa ne ba ya gani tun asali, kuma nasa mai ƙarfi ne ƙwarai. Ke nesa kina gani fiye da ni. Kamar ki sa takalmin aikinsa ne ki fita, in kin yi tuntuɓe ki ce ƙafarki ta lalace. Kowane gilashi da mai shi."

Sai kuka ya zo mini, irin wanda ban yi ba tun ranar binnewa. Ba na baƙin ciki ba ne duka. Milka ta rungume kaina tana cewa, "Wawiya. Tsohuwar wawiya. Da kin gaya mini." Likita ta bar mu muka gama. Sannan ta ce in riƙa zuwa sau ɗaya a shekara, ta kuma ce lallai 'ya'yan Kumai da 'yan'uwansa na ciki ɗaya su zo a duba su, ko ba sa jin komai.

Ɗakin da ake zaɓen gilashi yana gefen baranda. Wata Emilia ce a wurin, da katako mai madubi cike da gilasai a jere, ba ƙwayar magani a cikinsu, ƙarfen kawai. Milka ta riga ni shiga. Ta ɗauki wani ja mai duwatsu a gefe ta sa.

"Yaya? Ban yi kama da matar ciyaman ba?"

Emilia ta ce, "Mama, ba ke aka rubuta wa ba."

"Ina gwada wa mara lafiya ne."

Na gwada wajen bakwai. Wani ya matse mini kunne. Wani siriri kamar waya, na ce kwana biyu zan zauna a kansa. Wani ya mayar da ni kamar mujiya, Milka ce ta faɗa. Duk wanda na sa na dubi madubi sai in ga wata mata da ban sani ba. Emilia ba ta gaji ba, tana ta cirowa.

Na ce, "'Yata, in tambaye ki. Ana iya cire ƙwayar wannan a sa tawa?"

Ta karɓi na Kumai ta juya shi, ta buɗe hannayen ta rufe.

"Ƙarfen yana da kyau, irin na da ne. Ya yi miki ɗan faɗi, amma zan lanƙwasa bayan kunnen. Zaren nan zan cire in sa ƙusa."

"Ki sa ƙusar, amma ki bar zaren."

Ta dube ni, ta ce to. Ta ce in dawo ran Litinin.

Milka ta ja ni gefe. "Za ki sa shi a coci? Gershon a layi na biyu yake zama. Me za ki ce masa?"

Na ce, "Likita ta riga ta aike ni wurinsa."

A cikin keke na kira Hefziba. Na ce kada ta ɓata man mota, idona lafiya. Ba ta yarda ba sai da Milka ta karɓi wayar ta ba ta labari duka, har da satar amsa, har da tashi daga matattu. Ina jin dariyar Hefziba daga inda nake, daga baya dariyar ta koma kuka. Na karɓi wayar na ce ita ma likita tana neman ta.

Ran Litinin na karɓo gilashin. Emilia ta naɗe mini tsofaffin ƙwayoyin a takarda. Daga tasha ban shiga gida ba, na wuce gidan Gershon. Na same shi a tsakar gida yana yanka citta yana bazawa a rana. Na gaishe shi, na zauna a kan turmi, na ciro gilashin na sa a gabansa.

"Baban Mildred, na yi maka ƙarya ranar rabon kaya."

Bai daina yanka ba. Ya ce, "Matarmu, ni na yi wa Yaya wanka. Ni na rufe akwatin."

"To me ya sa ka yi shiru?"

"In tona ki a gaban dangi? A kan gilashi?" Ya ajiye wuƙar. Na ga yatsunsa biyu a ɗaure da tsumma. "Ba don ado na tambaya ba. Nawa ne ya fara. Gefe-gefe ba na gani sosai. Na ce in na samu na Yaya in riƙa sawa, ba sai na je asibitin nan ba."

Na ce, "Da na ba ka, da ka faɗa rijiya. Ni kunu kawai na zubar." Na gaya masa abin da likita ta ce game da jini, da kuma cewa in an kama shi da wuri akwai maganin ɗigawa da ke tsayar da shi. Kumai ya makara ne.

Ya ture cittar gefe. "Ina tsoro, matarmu."

"Na sani. Ran Alhamis ka shirya, bas na farko. Na san hanya, na san nas. Kuma kada ka wahalar da kanka da haddar allo, sun canza shi."

Da na koma gida na buɗe ƙofa na bar ta a buɗe. Na tona ƙaramin rami a gefen kabarin Kumai, wajen kai, na sa ƙwayoyin nan biyu da takardarsu na rufe. Na ce masa, "Ga naka. Sauran nawa ne." Na gaya masa batun Gershon, na ce zan riƙe shi.

Sannan na shiga ɗaki na jawo jakar daga ƙarƙashin gado. Na ciro zannuwan ɗaya bayan ɗaya na mayar cikin akwati. Na yunifom ɗin zumunta bakinsa ya warware tun watan jiya. Na ɗauko allura, na fito gindin gwaba, na gyara gilashin a hanci. Sau ɗaya na zura zaren ya shiga.